Faiba a jikin tsohuwar mota: jabu ne ko gyara?

Shin bonet ko madigadin da aka zuba da faiba aka ɗaura wa tsohuwar Fijo jabu ne, ko kuwa gyara ne da babu laifi a cikinsa? Wannan tambaya ta daɗe tana tasowa a garejojin Katsina da majalisun masu sha'awar mota, musamman yanzu da hotunan bidiyo na masu ƙera jikin mota da faiba ke yawo a wayoyin mutane. Wasu na cewa roba ce kawai aka lulluɓe da fenti, ko akuya ta hau kanta sai ta tsage. Wasu kuma sun ɗauke ta maganin kowace matsala, wai ba ta tsatsa, ba ta da nauyi, kuma duk yaron da ya samu bokiti da buroshi ya kama hanyar arziki. Kowane ɓangare ya riƙe wani gefe na gaskiya ya saki sauran.

A ganina, faiba sana'a ce ta gaske da za ta iya tsayar da motocin da kayansu suka ƙare a kasuwa, amma da sharuɗɗa: a san gurbin da ta dace a jikin mota, a faɗa wa mai saye abin da yake saye, kuma a samu lafiyayyen ƙarfe na asali da za a kwafa. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda muke sakaci da shi, kuma shi ne ya fi damuna.

Mece ce faiba?

Abu biyu ake haɗawa. Na farko zaren gilashi ne, siriri fiye da gashin kai, wanda ake narka gilashi a ja shi a masana'anta, a yanyanka, a manne shi ya zama kamar farar tabarma da ake sayarwa a naɗe. Na biyu wani ruwa ne mai yauƙi da ake samu daga sinadaran man fetur, ana kiransa rezin. Shi kaɗai rezin idan ya daskare yana da gautsi, zaren kuma shi kaɗai ba ya iya tsayuwa. Idan aka jiƙa zaren da rezin aka ɗiga maganin daskarewa, sai su zama abu guda mai tauri wanda ya ɗauki siffar duk abin da aka shimfiɗa shi a kai.

Ya kamata a raba wannan da bambar motocin zamani, domin mutane da yawa duka faiba suke ce musu. Bambar motar yanzu yawanci roba ce da ake narkawa a tura cikin inji, shi ya sa idan ta fashe mai gyara ke iya ɗinke ta da ƙarfe mai zafi. Faiba ta gaske ba ta narkewa. Da zarar ta daskare ta daskare ke nan, wuta sai dai ta ƙona ta. Wannan bambanci ne ke bayyana kusan duk alherinta da duk illarta.

Ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Akwai ta a wasu tankunan ruwa, da ƙananan jiragen ruwa, da kujerun wasu motocin haya da na filayen wasa.

Yadda ta shiga harkar mota

Ƙera bonet na ƙarfe a masana'anta yana buƙatar manyan mazubai na ƙarfe da injin matsa mai nauyin tan ɗaruruwa. Kuɗin da ake kashewa kafin a fitar da guda ɗaya tak ba ya dawowa sai an buga dubbai. A nan faiba ta samu ƙofa. A shekarar 1953 kamfanin Chevrolet na Amurka ya fitar da motar Corvette da jikin faiba, guda 300 kacal a shekarar farko, domin adadin bai kai a kashe kuɗin mazuban ƙarfe ba. A Ingila kamfanin Lotus ya bi sahu da motarsa Elite a 1957. A 1964 wani mai ƙera jiragen ruwa a Kalifoniya, Bruce Meyers, ya zuba wani buɗaɗɗen jiki na faiba don yawo cikin rairayi, wanda daga baya aka riƙa ɗora shi a kan ƙasan Volkswagen Beetle da aka gajarta. Motar ta karɓu ƙwarai, amma wasu suka riƙa sayen guda su kwafe ta, har kwafin ya ninka na asali nesa ba kusa ba, kamfaninsa ya rufe a 1971. Duk mai niyyar shiga wannan sana'a ya riƙe wannan labari, domin sauƙin da ya ba ka damar kwafar na wani shi ne zai ba wani damar kwafar naka.

Daga nan kasuwar kayan tsofaffin motoci ta taso a Turai da Amurka. Kamfani ya daina yin mota, bayan wasu shekaru ya daina yin kayanta, su kuma masu motar ba su daina son ta ba. A can babban abokin gabarsu tsatsa ce, saboda gishirin da ake watsawa a tituna lokacin ƙanƙara yana cinye ƙarfe daga ƙasa. Sai ƙananan shaguna suka riƙa neman lafiyayyen madigadi guda, su ɗauki siffarsa, su riƙa zubawa suna sayarwa. Yawanci ba fenti suke aikawa da shi, ba a huda ramukan noti ba, mai saye ne zai kai wa mai gyara ya daidaita.

Yadda ake zuba shi

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukunyar sanholo ya riga ya fahimci rabin aikin: tukunya mai kyau ake dannawa cikin ƙasa a samu gurbi, kuma duk lanƙwasa ko tabon da ke jikinta zai fito a jikin kowace tukunya da aka zuba bayanta. Haka abin yake a nan, sai dai gurbin ba na ƙasa ba ne, shi ma da faiba ake yin sa.

Ana farawa da bonet na asali. A buge shi ya miƙe, a cike ramuka da fila, a goge da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, a fesa fenti, a goge har mutum ya ga fuskarsa. Wannan mataki ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne masu gaggawa ke tsallakewa. Sai a shafa kaki na musamman sau da yawa, ana bari ya bushe ana gogewa, domin kada faibar ta manne da ƙarfen. Idan aka yi rowar kaki, to an yi asarar bonet ɗin da mazubin gaba ɗaya, sai da kurfi da guduma za a raba su.

Bayan haka a shafa wani rezin mai kauri da launi wanda ake kira jelkot, shi ne zai zama fuskar mazubin. Idan ya fara kamawa, yana ɗan manne wa yatsa amma ba ya biyo shi, sai a fara shimfiɗa tabarmar zare. Ana yayyaga ta da hannu maimakon yanka da almakashi, domin bakin da aka yaga ya fi haɗewa da na kusa da shi. Mai aikin yana danna buroshi a tsaye, yana cusa rezin cikin zaren har farin ya ɓace ya koma garai-garai, sannan ya bi da ƙaramar rola mai tsaga-tsaga yana korar iska. Duk wurin da ya rage fari, iska ce ta maƙale, kuma nan ne zai buɗe wata rana cikin rana. Mazubi yana buƙatar kauri ninki biyu ko uku na abin da za a zuba a cikinsa, a kuma ƙarfafa bayansa da katako ko bututun ƙarfe don kada ya murɗe. Abin da ke da lanƙwasa mai komawa ciki, kamar madigadin Beetle, sai an raba mazubinsa gida biyu ko fiye ana ɗaurewa da noti, in ba haka ba abin da aka zuba ba zai fito ba.

Idan mazubi ya samu, zuba kayan sayarwa maimaita wannan aiki ne a cikinsa: kaki, jelkot, zare hawa biyu ko uku, a bari ya daskare, a ɓanɓare, a yanke baki da giranda. Ma'auni shi ne sirrin. Maganin daskarewa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyin rezin ake sawa, rezin kuma kamar ninki biyu zuwa biyu da rabi na nauyin zaren. Mutane da yawa suna zaton yawan rezin shi ne ƙarfi. Ƙarfin yana cikin zaren ne. Bonet ɗin da aka malala wa rezin yana da nauyi, yana da sheƙi, kuma shi ne farkon tsagewa.

Akwai wani abu da ya kamata mai saye ya sani. Rezin yana ɗan tsukewa idan yana daskarewa. Kwafin farko daga ƙarfe na asali yakan zauna da ɗan gyara. Amma idan aka ɗauki mazubi daga kwafi, aka sake ɗaukar wani daga wannan, kowane zubi yana ƙara ƙanƙancewa yana ƙara karkacewa. Shi ya sa za ka ga bonet an ɗaura shi, gefen dama yatsa na shiga tsakaninsa da madigadi, gefen hagu kuma yana gugar fenti, layin da ya taho daga ƙofa ya zo nan ya ɓata. Mai gyara zai kwana biyu yana cikawa yana gogewa, arhar da aka yi murna da ita ta tafi a kuɗin aiki.

Inda ta dace da inda ba ta dace ba

Nan ne maganar rai ta shigo, don haka a yi mata karatun nutsuwa. Jikin mota kashi biyu ne. Akwai abin da sutura ce kawai, ana kwance shi da sifana a ajiye gefe motar ta ci gaba da tafiya: bonet, murfin but, madigadin da ake ɗaurewa da noti, fuskar gaba, allon mitoci. Akwai kuma abin da shi ne ƙashin motar. Fijo 504 salun, kamar yawancin ƙananan motoci, jikinta shi ne ke ɗauke da ita. Ginshiƙan da ke riƙe da rufi, da dogarin da ke ƙasan ƙofofi, da daɓen ciki, da wurin da shokozoba ke zama, duk suna ɗaukar nauyi, kuma su ne ke tsayawa tsakanin fasinja da abin da aka yi karo da shi. Ƙarfe idan ya sha bugu yana lanƙwashewa, kuma cikin lanƙwashewar nan yake shanye ƙarfin karon. Faibar da aka zuba da hannu tana jurewa zuwa wani mataki, daga nan sai ta fashe lokaci guda.

Saboda haka wanda ya liƙe ruɓaɓɓen daɓen mota ko gindin ginshiƙi da faiba ya shafa baƙin fenti ya sa ta a hanyar Jibiya da fasinja tara, ya ɓoye rami ne kawai. Faiba ba ta karɓar walda, kuma mannewarta a kan ƙarfe mai tsatsa ba ta daɗewa, ruwa na shiga tsakani ya ci gaba da cin ƙarfen ba mai gani. Motoci irin su Corvette da aka yi da jikin faiba tun asali, a kan firam na ƙarfe aka ɗora su, injiniyoyi kuma suka lissafa komai a kan haka.

Beetle ta fi kowace dacewa da wannan sana'a, domin madigadinta huɗu duk da noti aka ɗaure su. Tsohuwar Landiroba kuwa yawancin jikinta sanholo ne, ba ta cika buƙata ba sai a rufi da ƙananan abubuwa.

Ko a inda ta dace ma, akwai abubuwan lura. Bonet na faiba dole a binne faranti na ƙarfe a wurin hinji da wurin makulli tun ana zubi, in ba haka ba noti zai ci ramin ya fice, kuma bonet ɗin da ya buɗe ya rufe gilashi ana cikin gudu kowa ya san ƙarshensa. Faiba ba ta ɗaukar wutar lantarki, don haka fitilar da a da take mayar da wutarta ta jikin ƙarfe sai mai wayarin ya ja mata waya ta daban. Tana kuma cin wuta da baƙin hayaƙi mai shaƙe numfashi, don haka a nisanta ta da salansa.

Maganar cewa tana rage shan mai, an zuzuta ta. Ƙarfen jikin mota mai kaurin kusan milimita 0.9 yana da nauyin kilo 7 a kowace murabba'in mita. Faiba ta fi ƙarfe sauƙi sosai, amma sai an yi ta da kaurin milimita 3 ko fiye kafin ta tsaya, wanda ke kai ta kusan kilo 4 da rabi, ban da ƙarfafawar da za a ƙara. A motar da ta haura tan ɗaya, 'yan kilon nan ba za ka gan su a gidan mai ba.

Wa zai saya a Katsina?

Nan ne lissafinmu ya bambanta da na Turawa. Ƙasarmu busasshiya ce, damina 'yan watanni ce, ba a watsa gishiri a titi. Tsohuwar mota a Katsina ko Daura ta fi mutuwa ta hanyar haɗari, da lodi fiye da kima, da rashin kayan inji, fiye da ta hanyar tsatsa. Ga kuma masu bugun bodi da za su miƙar da madigadin da Bature zai jefar, a farashin da faiba ba za ta iya karawa da shi ba. Muddin ana iya buge ƙarfe ya dawo, buge shi ya fi.

To ina kasuwar take? Tana wurin abin da ya ɓace ɗungurungum. Kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983. Volkswagen ma ta fara harhaɗa Beetle a Legas a 1975. An kuma riƙa koro tsofaffin Fijo daga Turai ta hamada ana sayarwa a Nijar, wasu su gangaro ta Maraɗi. Shi ya sa muka taso muna ganin kayan waɗannan motoci kamar ba za su taɓa ƙarewa ba. Yau wanda ke neman fuskar gaban 404 mai lafiya, ko allon mitocin 504 da rana ba ta farfasa ba, zai iya zagaye Ƙofar Ruwa a Kano ya leƙa Panteka a Kaduna ya dawo hannu rabbana.

Masu saye iri biyu ne, kuma bukatunsu ba ɗaya ba ne. Akwai mai a-kori-kura ko J5 da ke cin abinci da ita tsakanin kasuwannin ƙauye. Shi ba ruwansa da asali, yana son abin da zai rufe injin ya hana ƙura, da arha, yau-yau. Akwai kuma wanda ya gaji Marsandin mahaifinsa ko Fijon da aka kai mahaifiyarsa ɗakin miji a ciki, yana so ya tayar da ita ta fita ranar Sallah ko ranar ɗaurin aure. Wannan zai biya, amma zai duba layi da idon basira. Ya kuma kamata ya san cewa a wurin masu tara motocin tarihi, motar da jikinta duk ƙarfen asali ne ta fi daraja a kan wadda aka sa wa kwafi, ko da kwafin ya fi kyan gani. Idan na asalin yana nan, ko ya lotse, a ajiye shi a ɗaki kada a yar.

Shi kuma mai sana'ar ya yi lissafi kafin ya sayi ganga. Mazubi ɗaya yana cin kayan da za su zuba bonet biyu ko uku, ban da kwanakin gyaran samfuri. Wanda ya yi mazubi don mutum ɗaya ya faɗi, sai dai in mutumin ne ya biya kuɗin mazubin. Rezin da zare yawanci daga waje suke zuwa, farashinsu na bin dala, kuma tun da aka saki Naira a 2023 kowa ya ga yadda hakan ke kasancewa. Sayarwa ƙasashen waje, da ake yawan kwaɗaita wa matasa, tana da wuya: bonet ba shi da nauyi amma yana cin wuri, masu jigila kuma da girma suke caji. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne shago mai zuba abubuwa da yawa, rufin a-daidaita-sahu, da akwatin bayan babur, da gyaran tankuna, kayan tsofaffin motoci su zama reshe ɗaya da ke kawo suna.

Doka da amana

Kwafar siffa ba ta rasa rigima. A 1991 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta tabbatar da hukuncin da ya hana wani mutum sayar da jikunan faiba masu kama da motocin Ferrari. A 2012 kamfanin Mercedes ya niƙe wani jikin faiba da aka kwaikwayi motarsa 300 SL bayan jami'an kwastan na Jamus sun kama shi. A ɗaya gefen, Amurka ta yi doka a 2015 da ta ba ƙananan kamfanoni damar ƙera har motoci 325 a shekara masu kama da waɗanda suka shekara 25 ko fiye, da izinin mai asalin siffar. Abin lura shi ne waɗannan rigingimu a kan kwafar mota sukutum ne, ba a kan wanda ya zuba madigadi don gyaran motar da ke hannun mai ita ba.

A Najeriya, dokar 1970 da ta shafi rajistar fasalin kayan masana'anta tana ba da kariya ta shekara 5, a sabunta sau biyu, jimla 15. Tambarin kamfani kuwa ana iya sabunta rajistarsa ba iyaka. Don haka zakin Fijo da tauraron Marsandi suna da masu su har gobe, kuma zuba su a sayar a matsayin na kamfani shi ne jabu na ainihi. Takardun mota kuma lambar shasi suke bi. Wanda ya ɗora jikin wata mota a kan ƙasan wata, ya je ya daidaita da hukumomin rajista kafin ya hau titi.

Amma kafin a kai ga kotu, akwai abin da kowane Musulmi ya sani. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin hatsi ya ji danshi a ƙasa, ya tambayi mai shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Faiba a ƙarƙashin fenti ba ta ganuwa. Dillalin da ya ce, "Alhaji, bonet ɗin nan faiba ne, na asalin ya lalace, ga farashinta a haka," ya yi ciniki mai tsabta. Wanda ya yi shiru ya karɓi kuɗin ƙarfe ya ci haram, ko da aikin ya yi kyau. Mai saye kuma yana iya kare kansa da ɗan maganaɗisu a aljihu: ba ya kama faiba, ba ya kama wurin da aka cika da fila mai kauri, ko da yake ba ya kama sanholo ma. A ɗaga bonet a duba bayansa, saƙar zaren tana bayyana. A ƙwanƙwasa da yatsa, ƙarar ba irin ta ƙarfe ba ce.

Zafinmu, ƙurarmu, da yaran shago

Ma'aunin da ke rubuce a jikin gangar rezin an yi shi ne don yanayi mai kusan digiri 25. A watan Afrilu Katsina na haura 40. Rezin da ya kamata ya ba ka kusan minti ashirin kana aiki zai iya kamawa a cikin kwano kafin ka gama rabin bonet, ya yi zafi har ya yi hayaƙi. Dabarar ita ce a dama kaɗan-kaɗan, a rage maganin daskarewa zuwa mafi ƙarancin ma'aunin ba tare da an sauka ƙasa da shi ba, a yi aikin da sassafe a inuwa. Gangar da aka ajiye a shagon kwano tana iya lalacewa cikin 'yan watanni. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke sauka a kan jelkot tun bai bushe ba. Rana ma tana cin faibar da ba a fente ba, ta yi fari ta fara gari.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yara. A garejojinmu, aikin guga da wanke kwano na ƙaramin yaron shago ne. Warin rezin yana sa jiri da ciwon kai, kuma shaƙarsa kullum a rufaffen ɗaki yana cutarwa. Ƙurar da giranda ke tayarwa garin gilashi ce, tana shiga fata ta yi ta ƙaiƙayi, tana shiga ido da ƙirji. Maganin daskarewa kuwa, ɗigo ɗaya a ido na iya makantarwa, kuma idan ya haɗu kai tsaye da sinadarin kobal da ake sa wa rezin don ya yi saurin kamawa, yana iya tashi da wuta nan take. Ba abin zubawa a robar ruwan sha a ajiye a ƙasan benci ba ne. Maigidan da ba zai sayi tabarau da safar hannu da abin rufe hanci na ƙwarai ba, bai shirya buɗe wannan shago ba. Katsina na da kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman da ƙauyen koyar da sana'o'in matasa, Daura na da jami'ar sufuri. Irin waɗannan wurare ne ya dace a koyar da ma'auni da kariya tun kafin sana'ar ta yaɗu a bakin titi ta hanyar gani da ido.

Sharar ma abin tunani ce. Guntun ƙarfe kuɗi ne, ana narka shi ya dawo. Guntun faiba ba mai saye, ba ya ruɓewa, ƙona shi kuma guba ne ga maƙwabta.

Kafin 'yan jari-bola su gama da su

Duk abin da aka faɗa a sama ya rataya ne a kan samun ƙarfe na asali mai lafiya. Shi kuwa kullum raguwa yake. Tsofaffin motocin da suka shekara da shekaru a bayan gidaje da harabar ma'aikatu, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, yanzu ana yanka su da wutar gas a ɗora a sikeli a loda a tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe. Ba laifin mai jari-bola ba ne, sana'arsa yake yi, magada kuma suna son fili da 'yan kuɗi. Sai dai bonet ɗin 404 da busasshiyar iskarmu ta adana shekara hamsin ba tsatsa, wanda za a iya ɗaukar mazubin da zai tayar da motoci da dama daga jikinsa, ana sayar da shi a kilo daidai da ruɓaɓɓen kwanon rufi.

Wanda ke da niyyar wannan sana'a da gaske, jarinsa na farko ƙulla hulɗa ne da masu yankan motoci, su kira shi kafin su kunna wuta. Ya fara da abin da ya fi saurin lalacewa a haɗari kuma ya fi wuyar samu: fuskar gaba, zoben fitila, madigadin gaba, allon mitoci. Ya sayi hagu da dama tare, daga mota guda in da hali, domin layinsu ya dace. Ya rubuta samfurin motar da shekararta a bayan kowane mazubi, saboda 504 kanta ta sha canje-canje a fitila da fuska tsawon shekarunta. Mazubin kuma a ajiye shi a inuwa, a kwance a kan abin da ya tallafe shi ko'ina, da kwafi guda a cikinsa don kada zafi ya murɗe shi, shi kuma ƙarfen asalin a shafa masa mai a rataye, domin mazubi yana tsufa kuma wata rana za a buƙaci ɗaukar sabo.